Shata, ɗan da mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba

Idan kana cikin masu ƙarar da data wajen kallon fina-finai, akwai wani labari da na tabbata ka gani ya fi sau uku, riga kawai ake canja masa. Yaro ne Allah ya ba murya, uban ya ce atafau ba a gidansa ba. A yi ta rigima, uwa ta shiga tsakani tana hawaye, yaro ya ɗauki 'yar jakarsa ya shiga duniya, ya sha baƙar wuya, can ƙarshe a nuno shi a kan dandamali dubban mutane suna tafi. A Gully Boy na 2019, Ranveer Singh ne ya fito a Murad, ɗan unguwar talakawa ta Dharavi a Mumbai, wanda mahaifinsa direba ke ganin waƙar gambara ɓata lokaci ce ga ɗan talaka. A Secret Superstar na 2017 kuwa yarinya ce, Zaira Wasim, take rufe fuska da niƙabi tana ɗora waƙoƙinta a YouTube don kada uban ya gane. Abin ma ya girmi Indiyawa. The Jazz Singer na 1927, wanda ake lissafawa a matsayin dogon fim na farko da aka ji ɗan wasa yana magana yana waƙa a ciki, labarin ɗan mai jan addu'a ne a wurin ibadar Yahudawa a Amurka. Uban ya ji yana waƙa a mashaya, ya zane shi, yaron ya gudu daga gida. Wato tun ranar da fim ya fara buɗe baki, rigimar uba da ɗansa mawaƙi ya fara ba mu.

Shekara huɗu kafin wancan fim ya fito, a 1923, aka haifi wani yaro a Musawa ta ƙasar Katsina wanda ya rayu cikin wannan labarin da gaske. Sunansa Muhammadu, duniya ta san shi da Alhaji Dakta Mamman Shata. Na san ka san muryarsa ko da ba ka taɓa neman waƙarsa da kanka ba. Ka ji ta a motar haya tsakanin Tambuwal da Sakkwato, ko a rediyon wani dattijo a kasuwar Kebbe, ko a ƙarƙashin wani bidiyon TikTok da aka yanko amshinta aka liƙa. Abin da yawancinmu ba mu tsaya mun duba ba shi ne gidan da muryar ta fito.

Mahaifinsa shi ne Ibrahim Yaro, Bafillace. Ga mu mutanen kudancin Sakkwato akwai wani abin da ya kamata mu riƙe a nan: ana danganta asalin kakanninsa na wajen uba da Sanyinna, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Tambuwal a yau. Mahaifiyarsa Lariya ita ma Bafillata ce, daga Tofa ta ƙasar Kano. Yana da 'yan'uwa, cikinsu har da ƙanwarsa Yalwa, wadda sunanta ya shiga bakin duniya saboda yadda yake yawan ambatonta idan yana yi wa kansa kirari. An sa shi makarantar allo kamar kowane yaro na lokacin. Abin da uban ya tsara masa ba ɓoyayye ba ne: ya yi noma, ko ya yi fatauci, ya zama mutum mai cin guminsa.

An gwada faucin. Ya yi tallar goro, ya yi ta alewa. Sai dai yaron yana da wani hali da ba ya tafiya da kasuwa. Idan ya sayar da goro, kafin ya iso gida ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya gamu da su, ya dawo hannu rabbana. In an tambaye shi ina ciniki, sai ya nuna ai ya yi shata da su, wato ya watsar. Daga nan wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya laƙaba masa Mai-shata, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Ka tsaya ka kalli abin ta idon uban. Ka ba ɗanka jari, ya dawo ba uwa ba riba, ga shi kuma da an ci tuwon dare ya nufi dandali inda samari da 'yanmata ke wasa, shi ne kan gaba wajen waƙa. Wane uba ne zai yi murna?

A dandalin ba don kuɗi yake yi ba. Nishaɗi ne na ƙuruciya, irin wanda kowane ƙauye ke da shi a daren farin wata. Bambancin kawai shi ne, a hankali ya shafe sauran samarin, har aka fara zuwa don shi. Da abin ya tashi daga wasa yana neman zama sana'a, a nan ne ya ci karo da mahaifinsa.

To mene ne laifin waƙa a wurin Ibrahim Yaro? Nan ne wurin da nake so ka ɗan zauna, don a nan labarinmu ya rabu da na Indiya. A ƙasar Hausa ta wancan zamani, mawaƙi maroƙi ne. Kalmar ma ta isa ta gaya maka komai: roƙo. Mutum ne da ke tsayawa gaban mai sarauta ko mai kuɗi ya wasa shi, a ba shi riga ko doki ko 'yan kuɗi, in an hana shi ya juya harshe ya yi zambo. Jama'a na son waƙar, suna tsoron bakin, amma ba sa girmama mai ita. Wani masanin zamantakewa, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya wallafa nazari kan roƙo a 1957, inda ya nuna cewa a jerin darajar sana'o'i makaɗa da maroƙa suna can ƙasa ne, kusa da mahauta. Ba sai Bature ya gaya mana ba ma. Ka tambayi kakarka wace irin amsa ake ba maroƙi a da idan ya zo neman auren 'yar gidan malamai ko gidan sarauta.

Sannan sana'a a lokacin gado ce. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan wanzami wanzami ne, ɗan makaɗi makaɗi ne. Dubi manyan makaɗan yankinmu na Sakkwato da Zamfara da Kabi. Musa Ɗanƙwairo a gida ya tarar da kiɗa, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, ya kuma yi zama a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa tawagar. Sani Aliyu Ɗandawo sunansa ma ya gaya maka ɗan wane ne. Irin waɗannan ba wanda zai ce sun yi abin kunya, don hanyar iyayensu suka bi, kuma suna da fada da suke jingine da ita. Salihu Jankiɗi yana da fadar Sarkin Musulmi, Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Shi kuwa Shata bai gada ba ta uwa, bai gada ba ta uba. Haye ya yi, kuma a idon mutanen lokacin gangarowa ya yi daga sama zuwa ƙasa. Ƙara da cewa gidan Fulani ne, inda kunya da kamun kai suke kamar dukiya ta biyu bayan shanu. Bafillace ya miƙa hannu a ba shi, a gaban jama'a, da sunan sana'a? Kuma ka duba abin kiɗan da aka san Shata da shi: kalangu, gangar da tun asali aka fi saninta da kiɗan mahauta da na 'yanmata.

Ka ga ke nan abin da ke gaban Ibrahim Yaro ya wuce a ce ba ya son kiɗa. Sunan gida ne a kan faifai. Yadda za a kalli ƙannen yaron, da irin gidan da za su iya neman aure, da yadda shi kansa zai zauna cikin dattawan Musawa, duk suna ciki. A irin wannan gari ɗa ba ya zubar da mutuncinsa shi kaɗai, da na dangi yake haɗawa.

Shata bai saurara ba. Ya ajiye faranti, ya rungumi waƙa gadan-gadan, ya fara zagaya ƙauyukan da ke kewaye da Musawa. Wanda ya buɗe masa ƙofa ta gaba shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a Bakori, yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Shi ya ce ya taho Bakori, ya kuma riƙe shi. A Bakori ya yi aurensa na farko, suka sami 'ya mace, ta rasu tana jaririya. Fina-finan waje sukan nuna yaron da ya bar gida yana kwana a titi shi kaɗai, yana faɗa da duniya da ƙarfin kansa. A ƙasar Hausa ba haka abin ke tafiya ba. Wanda ya fita daga inuwar uba, inuwar ubangida yake nema, kuma kalmar da kanta tana ɗauke da uba a cikinta. Rayuwar Shata tun daga Bakori har kabari cike take da irin waɗannan mutane, waɗanda suka ba shi masauki da mota da kariya, shi kuma ya ba su abin da kuɗi ba ya saye, ya sa sunansu a bakin mutanen da ba a haifa ba tukuna.

Daga Bakori yake fita zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa. Shekarar da ta ɗaga shi ita ce 1952, a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wajen wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda. Ya yi wasa a gaban manyan Kano, daga ranar sunansa ya wuce na mawaƙin karkara. Yi lissafi da kanka: 1923 zuwa 1952, yana dab da shekara talatin ke nan. A fim wannan tsakanin minti goma ne, a sa waƙa a nuno jarumi yana tafiya a hanya, gemu ya ɗan fito, shi ke nan ya zama tauraro. A rayuwa kuwa shekaru ne na yawon ƙauyuka da kwana a zauren mutane, kana ɗauke da sanin cewa a gida ba a yi na'am da kai ba. Daga baya ya koma Funtuwa, ita ce ta zama gidansa na kusan shekara arba'in.

Yadda yake waƙar ma abin kallo ne. Ba ya kiɗa da hannunsa. Makaɗan kalangu na gefe, 'yan amshi na riƙe da layi ɗaya suna maimaitawa, shi kuma yana tsaye yana zubo magana a kai yadda ta zo masa. Ba ya rubutawa, ba a san shi da zaman gwaji ba, nan take yake ƙaga waƙa, shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya ya yi ta a wurare uku kowacce da nata zubin. Yawan waƙoƙinsa kuwa, shi kansa bai riƙe lissafi ba, masu nazari dubbai suke ƙiyastawa. Kuma bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba kamar makaɗan sarauta. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da matan gari, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi kan noma, ya yi kan dabbobi. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Bakandamiya kuwa, wadda ake ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa, kansa ya wasa a cikinta daga farko har ƙarshe. Ka yi tunanin wannan: mutumin da aka ce ya zubar da girman gida don yana wasa wasu, ya wayi gari babbar waƙarsa ta wasa kansa ce, jama'a kuma suna biya don su ji.

Zamani ma ya taimake shi. Ya zo daidai lokacin da rediyo ya shiga ƙauye, faifan garmaho ya shiga gidajen masu hali, daga baya kaset ya shiga kowace tasha. Gidan rediyon Kaduna ya kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba, har Nijar da Gana da Kamaru, duk inda Bahaushe ya kafa zango. Maroƙin da yana buƙatar ya tsaya a ƙofar gidan mutum. Shata ya kai matsayin da masu gidan ne ke aika masa mota.

Kada ka ɗauka waliyyi nake ba ka labari. Mutum ne mai zafi, mai baki, wanda idan ya juya zambo kan mutum sai dai a yi masa jaje, Gagarabadau shaida ce. Ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda har gobe ake sa ta cikin natsuwa, shi ne kuma ya yi waƙar nan ta shan giya da har yau ake muhawara a kanta. Ya shiga siyasa da irin wannan zafin. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ya koma NPN. A ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, aka tsige shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar a jihar. Wanda bai lanƙwasu a hannun mahaifinsa ba, da wuya ya lanƙwasu a hannun 'yan siyasa.

Girma kuwa ya same shi ta ƙofofin da uban bai taɓa zato ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma a kan Shata ya rubuta kundin. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan Dakta ya hau gaban sunansa. Ya je Makka, ya je Ingila da Amurka. Ɗan makarantar allo, mai tallar goron da ya kasa riƙe jari, ya sa rigar da farfesoshi ke sawa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, ga wanda ke son ya bi labarin daki-daki.

Yanzu mu dawo kan fim. Yarbawa sun nuna ana iyawa: a 2021 Tunde Kelani ya fitar da Ayinla, kan rayuwar mawaƙin apala na Abekuta, Ayinla Omowura, wanda manajansa ya kashe a wata rigima a 1980. Duk lokacin da aka yi irin wannan, sai ka ga matasanmu a Facebook suna kiran 'yan Kannywood su yi na Shata. Ni ma ina so. Amma akwai abin da nake jin tsoro, kuma shi ne abin da fim ke yi wa uba. Fim yana son mugu, don sai da mugu jarumi ke haske. A Secret Superstar uban azzalumi ne mai dukan mata, ba ka da wata wahala wajen ƙin sa. A Walk the Line na 2005, kan mawaƙin Amurka Johnny Cash, an nuna uban yana ɗora wa yaron laifin mutuwar wansa Jack, wanda injin yankan katako ya kashe a 1944, aka gina ciwon ran mawaƙin gaba ɗaya a kan wannan. Fim ɗin ya samu karɓuwa sosai, amma ɗaya daga cikin 'ya'yan Cash ta fito ta nuna ɓacin ranta kan yadda aka nuna mahaifiyarta, matarsa ta farko. Mutanen da ake mayarwa miyagu a fim suna da 'ya'ya da jikoki da ke raye, suna kallo.

Idan marubuci ya ɗauko Ibrahim Yaro ya sa masa jajayen idanu da bulala, ya mai da shi irin uban fim ɗin Indiya, to ya ɓata labarin, ya kuma zalunci bawan Allah. Dattijon bai yi ƙarya ba game da zamaninsa. Roƙo abin raini ne a lokacin, haka yake. Rayuwar mawaƙi rayuwar hanya ce, yau Kano gobe Gusau, ga dare, ga mashaya, ga abokan gaba da baki ke jawowa, wannan ma haka yake, kuma Shata ya taka duk waɗannan. Abin da uban bai hango ba guda ɗaya ne, cewa wannan yaron na musamman ne, kuma rediyo da faifai suna tafe za su sauya ma'anar sana'ar. Wa zai hango wannan daga Musawa a shekarun 1930? Fim ɗin da zai yi daɗi shi ne wanda mai kallo zai fito yana jin tausayin su biyun, uba yana kare gidansa da iyakar abin da ya sani, ɗa kuma yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa ya ajiye. Ɗan wasan da zai fito a uban sai ya fi wanda zai fito a Shata ƙwarewa, don shi aikinsa a fuska yake, ba shi da waƙar da za ta taimake shi.

Akwai kuma abin da fina-finan waje ba su da shi, mu kuwa shi ne ƙashin bayan labarin: albarka. Murad na Gully Boy zai iya ɗaga murya a gaban ubansa, 'yan kallo su yi tafi. A Tambuwal ko Kebbe, yaron da ya yi haka ko abokansa ba za su tafa masa ba. Mun taso da sanin cewa fushin iyaye ba abin wasa ba ne, duniya da lahira. Saboda haka matashin da ke da murya a nan yana ɗauke da kaya biyu, son abin da yake jin an halicce shi dominsa, da tsoron kada ya yi nasara ba da yardar gida ba. Wannan tsoron ba ya barin mutum don ya sayi mota.

Na san cikin masu karanta wannan akwai mai waƙoƙi a waya da bai taɓa bari babansa ya ji ba. Akwai wadda ke rera waƙa a ɗaki, da ta ji motsin Baba sai ta yi tsit. Akwai mai tara kuɗin situdiyo a Sakkwato da sunan kuɗin makaranta. Za ka ce ai zamani ya canja, ga Aminu Ala, ga Ali Jita, ga Nazir Sarkin Waƙa, ga Hamisu Breaker, ana gayyatarsu manyan wurare, ana ɗaukar hoto da su. Gaskiya ne, kuma Shata na cikin waɗanda suka share wannan hanya. Amma gwada zuwa neman aure a wasu gidajen ka ce sana'arka waƙa, ka ga yadda fuskar waliyyi za ta sauya. Gidan da ake sa Shata kullum da safe, shi ne gidan da za a ce maka a je a yi shawara. Dattawanmu suna son waƙar har ransu, ɗansu ne dai ba sa so ya yi ta. Tunanin Ibrahim Yaro bai mutu tare da shi ba.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne matashi ya ɗauki Shata a matsayin lasisin bijire wa iyaye. Shata ɗaya ne. Samari nawa ne suka yi waƙa tare da shi a dandalin Musawa, wa ya san sunansu yau? Fim ba ya yin labarin wanda ya bar gida ya tafi ya dawo ba komai, don ba mai sayen tikitinsa. Haka kuma kuskure ne uba ya ɗauka duk ɗan da ya buɗe baki ya lalace, tunda ga wanda jami'a ta sa wa hula. Abin da ke hannunka wanda Shata bai samu ba shi ne, kai ba sai ka bar gari ba kafin a ji ka. Shi sai da ya taka da ƙafa zuwa Bakori. Kai kana iya riƙe karatunka ko sana'arka, ka yi waƙar a gefe, ka bar aikin ya yi maka magana a gaban Baba. Kana kuma da kawu ko gwaggo ko malamin da Baba ke jin nauyinsa, irin mutanen da a gidajenmu ake bi ta hannunsu idan magana ta fi ƙarfin ɗa da uba. Ko a fina-finan ma, in ka lura, uwa ce ko wani na gefe ke riƙe igiyar kada ta tsinke.

A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya kama shi. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan samu sauƙi, ciwon ya dawo. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, makonni uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. Ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki masu yawa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mahaifansa. Ba a kai shi Musawa inda aka yanke cibiyarsa ba, ba a kai shi Funtuwa inda ya yi kusan shekara arba'in ba. A Daura aka binne shi, garin ubangidansa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar.